Obin Inna Ya Warke

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna, kalma ɗaya ta rage mata a baki: "To." Matar da a da in ta fara magana sai maƙwabta su rage rediyo su kasa kunne, yanzu yunwa "to", fushi "to". Hankalinta kuwa garau, babu abin da ke wuce ta a gidan.

Da hutun ƙarshen shekara ya matso, babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, ta iso da fulawa da bota da ƙwai. Ta durƙusa gaban keken guragun da Inna ke zaune a kai ta ce, "Inna, bana ma sai an ci kek ɗinki. Ni ce hannunki."

Kek ɗin nan shi ne alfaharin Inna. Duk shekara 'ya'ya da jikoki su taru, a ajiye shi tsakiyar tebur, ita ta yanka. Amma surukarta, matar babban ɗanta, ta fara raɗe-raɗin wai gara a sayo na shago, a bar tsohuwa ta huta. Inna ta ji sarai. Ta kuma san in na shago ya hau teburin nan, ba zai ƙara sauka ba, ita ma sai a riƙa tura kekenta can gefe, gindin fanka.

To, obin da Inna ke gashi a ciki tsoho ne tukuf, wutarsa raguwa, ƙofarsa ba ta rufuwa. Don haka Inna take murɗa makunni har ƙarshe, ta tokare ƙofar da kujera, ta je ta yi wanka, ta shafa mai, ta zaɓi zane a natse, sannan ta dawo ta tarar ya gasu. Yaya a haka ta taso, a ganinta duk duniya haka ake gasa kek.

Abin da Yaya ba ta sani ba, Auta ya riga ya yi ɓarna. Mai gyaran fanka ne, amma in ba ka ce masa Injiniya ba, ba ya waiwayowa. Rannan ya faki ido ba kowa sai Inna, ya kwance obin, ya sa masa sabuwar waya, ya ɗaure ƙofa, ya goge gilashi. Ya ce, "Kar ki gaya wa kowa, Inna, ba-zata zan yi musu." Ku ji ɗan banza! Da wane bakin?

Ran bikin, da safe, Yaya ta turo Inna bakin kicin. Ta kwaɓa, ta buga, ta ɗiba a yatsa ta sa mata a baki. Inna ta lumshe ido. Ba ta taɓa zaton yarinyar nan tana kallo ba.

Yaya ta ga gilashin obin yana sheƙi, ta ce, "Iye! Yau surukarki ta tuna tana da hannu." Ta zura gwangwanin kek ɗin, ta murɗa makunni har ƙarshe, ta tokara kujera.

"To!" in ji Inna. "To! To!"

"Na sani, Inna, har ƙarshe na kai shi."

Inna ta buga hannun keken, ta nuna obin.

"Kujerar? Ga shi na ƙara dannawa."

"Tooo!"

"Haba Inna, ko a haka sai kin yi mini faɗa? Bari in watsa ruwa, kamar yadda kike yi."

Ta tafi. Can Inna ta ji ruwa na zuba, Yaya har da waƙa.

Ita kaɗai ta ga abin ta gilashi. Kek ya taso, ya kumbura, ya yi ja-ja-jur, kyakkyawa irin wanda ita kanta ba ta taɓa fitarwa ba. Yanzu ne, yanzu ne ya kamata a cire! Ta kama tayar keken da hannunta mai lafiya ta tura da iya ƙarfinta. Keken ya juya a wuri ɗaya, ta koma tana kallon bango. Ta sake turawa, ya dawo da ita gaban obin. Saman kek ya yi duhu. Ta jawo ludayi ta jefa, ya faɗi kan tsumma, ko ƙara bai yi ba. Ta buɗe baki ta kira sunan 'yarta, sunan da ita ta zaɓa mata, sai "to" ya fito.

Ƙauri ne ya fito da Yaya, da kumfa a kunne. Tana ciro gwangwanin baƙi ƙirin, sai ga Auta ya shigo yana washe baki.

"Kun ga aikin Injiniya? Obin Inna ya warke!"

Yaya ta dube shi, ta dubi Inna, ta sulale ta zauna a ƙasa. "Abin da kike ta gaya mini ke nan, Inna?"

Ƙwai ya ƙare, motar su babban ɗa kuma har ta dawo ta tsaya a ƙofa. Suruka ta shigo rungume da kwali mai ɗaurin zare. "Na ce dai ko da wani abu," in ji ta, tana fifita hanci.

Na shagon ya hau tebur, fari tas, har da furanni. Suruka ta ɗauki wuƙa. "Ki huta, Inna, bari in yanka miki." Wani jika ya ce keken ya tare hanya, aka tura shi gindin fanka.

Ana ta ci ana santi, Yaya ta zo da ɗan faranti. Ta kankare ƙunar nan duka, ta samo tsakiyar, bai fi loma ba. Ta sa wa Inna a baki. Sukari daidai, bota daidai, komai daidai.

Inna ta so ta gaya mata. Ta riƙe mata hannu gam, ta ce, "To."