Gangarar Rugar Lado

Imrana mai gyaran keke ne a Jibiya. Rumfarsa tana bakin titin da ya miƙe zuwa boda, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba takardunsu. Kafin ya kafa rumfar ya yi shekara tara yana fito da keke: ya ɗaura jarkokin fetur ya kai ƙauyukan Nijar, ya dawo da shinkafa ta cikin gonaki da kwazazzabai. Babu ɓarauniyar hanya tsakanin Magama da Ɗan Isa da tayarsa ba ta taka ba. Da masu babura suka ƙwace sana'ar, sai ya zauna ya kama faci da ɗaurin birki.

Wata rana wani direba ya sauke masa keken gwanjo da ya biyo kaya daga Kwatano. Tayoyinsa kauri gare su, ga shokozoba a gaba kamar babur, ga giyar canja gudu birjik, amma ba shi da wurin ɗaura kaya, don haka babu wanda ya taya. Imrana ya gyara shi, ya hau don gwaji, ya gangara da shi wani kwazazzabo a bayan gari. A shekara tara da ya yi kan keke bai taɓa sauka gangara ba sai da jarka shida a bayansa da fargabar faɗuwa a zuciyarsa. Ran nan ya sauka ba komai a bayansa, keken na haɗiye duwatsu, iska na cika masa riga. Ya tura keken sama ya sake saukowa har sau biyar, yana ɗan shekara arba'in da biyu.

Daga nan abin ya kama shi. Duk Juma'a da hantsi, kafin masallaci, sai ya rufe rumfa ya shiga daji neman gangara. Matarsa Salmatu ta gaji da magana ta bar shi. Ƙasar Jibiya shimfiɗaɗɗiya ce, duk gangarar da ya samu gajeriya ce, kafin ka ji daɗi ka kai ƙasa. Shi kuwa doguwa yake so, siririya, wadda ƙafa ta yi ba katafila ba. Ya yi kusan shekara biyu yana nema, yana saɓa keken a kafaɗa ya hau dutse, ya tarar da turbar ta ƙare a ƙaya ko a bakin rami.

A wasu duwatsu can bayan ƙauyen Kusa ya gamu da Lado. Dattijo ne makiyayi, wanda kakansa ya kafa ruga a saman tudun, suka zauna nan suna noma suna kiwo. Lado ya gan shi ɗauke da keke a wuya, gumi ya jiƙa shi, ya tambaye shi ko ɓata ya yi. Da Imrana ya faɗa masa abin da yake nema, dattijon ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Ya sa aka kawo masa fura, sannan ya kai shi bayan garke, ya ɗaga reshen wata sabara. A nan turba ta fara. Matan rugar ne suka yi ta da ƙafarsu tun zamanin kakansa, da ita suke kai nono kasuwar ƙauyen da ke gindin dutse. Faɗinta bai wuce taki ɗaya ba.

Imrana ya hau. Turbar ta ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu, ta bi gefen wani falalen dutse, ta lanƙwasa ƙarƙashin itatuwan marke, ta faɗa yashi ta fito, ta sake karyawa. Duk inda ya ce ta ƙare sai ta buɗe. Ya fi minti ashirin bai taka feda ba, yatsunsa kawai ke wasa da birki. Da ya iso busasshen gulbin da ke ƙasa ya zauna a yashi yana dariya shi kaɗai.

Shekara guda yana zuwa. Yakan kai wa Lado goro da sukari, ya gyara keken babban ɗan dattijon, Isah, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ke kula da shanun. A lokacin daji ya riga ya fara lalacewa, 'yan bindiga suna kai hari ƙauyuka, amma rugar Lado ba ta kan hanyar kowa. Mai babur sai ya zagaya dutsen, a zagayen kuwa akwai shingen jami'an tsaro.

Da Babbar Sallah ƙanen Salmatu, Mudathir, ya zo daga Abuja. Ma'aikaci ne, yana cikin wata ƙungiyar masu hawan keke a duwatsu, ya zo da nasa keken a bayan mota. Ya yi ta ba da labarin yadda suke biyan kuɗin jirgi su je neman doguwar gangara a wasu ƙasashe. Imrana ya saurara, ya saurara, abin ya ci shi. Mutanen Jibiya sun daɗe suna yi masa kallon wanda ya zauce, ga shi yau an sami wanda zai gane.

"Gobe ka shirya," in ji shi. "Akwai wadda ba ku da irinta."

Suka hau da safe. Mudathir ya sa hular kwano mai ƙaramar kyamara a goshi, wayarsa kuma tana zana duk inda suka bi. Lado ya karɓe su da fura kamar kullum. Mudathir ya ce yana son ya ɗauki dattijon yana nuna bakin turbar. Lado ya ɗan noƙe, ya ce shi bai saba da hoto ba. Imrana ne ya lallashe shi, ya ce ai ba komai, ƙanen matarsa ne, na gida ne. Lado ya ɗaga reshen sabarar, ya nuna da sanda, yana murmushi. Hasken bai yi ba, aka sa shi ya sake.

Bayan mako guda Mudathir ya saki bidiyon, da taswirar turbar daga sama har ƙasa. Ya rubuta cewa ya gano gangara mafi daɗi a Arewa. Imrana ya kalla a wayar maƙwabcinsa mai sayar da kati. Bayansa kawai ake gani a gaba, ba fuska, ba suna. Ya ji zafin wannan ƙwarai. Ya kwana biyu yana yi wa Salmatu mita, shekara biyu yana yawo da keke a wuya, wani ya zo rana ɗaya ya ce shi ya gano. Salmatu ta ce ya yi haƙuri, yaran yanzu haka suke. Bidiyon ya zaga wayoyin Jibiya da ƙauyuka, don mutane na son ganin wurin da suka sani.

Da damina ta yi nisa, wata Juma'a Imrana ya tarar da sawun babura a turbar. Tayoyi sun farfasa gefenta, an sare rassan marken. Ya hau ya tambayi Lado. Dattijon ya ce wasu mutane sun bi sau biyu, fuskokinsu a rufe, ba su yi masa magana ba, shi ma bai ɗaga kai ba. Ya ce ya yi tunanin kai rahoto, amma wanda ya kai rahoto ba ya kwana lafiya, wanda bai kai ba ma haka. Imrana ya sauko ran nan yana jan keken da hannu.

Ran kasuwar ƙauyen gindin dutse, da azahar, babura kusan ashirin suka gangaro ta turbar. Suka kashe mutum shida, suka tafi da mata da dabbobi, suka koma ta inda suka fito. Babu wanda zai iya rantsewa a waya suka ga hanyar, wataƙila da ma sun san ta. Amma 'yan sa-kai na ƙauyukan wajen suna da bidiyon, kuma a ciki ga Lado yana ɗaga reshe, yana nuna hanya da sanda, yana murmushi. Kwana biyu bayan harin 'yan sa-kan suka hau tudun. Suka ƙone rugar, suka kora shanu. Isah ya tsaya a gaban garke yana rantsuwa, suka harbe shi a nan.

Imrana ya ji labarin a rumfa, yana riƙe da tayar wani. A teburin mai shayi mutane na miƙa wa juna waya, suna tsayar da bidiyon daidai fuskar Lado, suna cewa ka ga munafukin. Wani ya tambaya wane ne wannan na gaba a kan keke. Wani ya ce ai cikin 'yan Abuja ne. Rabin masu zaman sun san rigar, sun san keken, amma Imrana ɗan gari ne, ba wanda ya dube shi. Ya buɗe baki zai ce shi ne, shi ya kai su, shi ya sa dattijon ya nuna. Ya tuna Salmatu da yara, ya mayar da kansa kan tayar.

Ya kira Mudathir da yamma. Mudathir ya yi salati, ya ce wallahi bai yi zato ba, zai goge bidiyon yanzu. Ya goge. Ya riga ya shiga wayoyi dubu. Kafin su yi sallama ya ce, Yaya, don Allah kada sunana ya fito a wannan magana, ka san yanayin aikina.

Kwana tara bayan haka Lado ya zo rumfar da sassafe. Ya rame, rawaninsa ya yi baƙi da hayaƙi. Ya yi sallama, ya gaishe da Imrana gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, kamar yadda ake gaida mutumin da aka gamu da shi a tasha. Imrana ya durƙusa ya fara yi masa ta'aziyya. Lado ya jira ya gama, ya amsa da amin. Sannan ya ce mutanensa suna ɓoye a wata gona kusa da Magama, su goma sha ɗaya, da shanu bakwai da suka tsira. Yana so ya ƙetara da su Nijar. Ba zai bi ta boda ba, fuskarsa tana wayar kowa.

"An ce a da kai ɗan fito ne, Malam Imrana," in ji shi. "Cikin hanyoyin da ka sani, akwai wadda ba ka nuna ma waya ba?"

Imrana ya ce akwai.

Ya rufe rumfa, ya tafi a ƙafa. Ya same su zaune cikin gero: tsohuwar Lado, matar Isah da goyo, sauran mata da yara, da ƙullin kaya da ba su taka kara sun karya ba. Ba wadda ta gaishe shi. Waɗannan matan ne suka sha dama masa fura. Ya shige gaba, suka bi shi. Ya bi da su ta wani kwazazzabo da ya daina bi tun yana ɗaukar jarka, inda ruwa ya ci ƙasa har mutum da saniya za su wuce ba a hango su daga titi ba. Daga nesa ana jin ƙugin manyan motoci a boda. Tafiyar awa uku ce da yara. Sau biyu ya so ya yi magana, ya juya ya ga Lado na kallon ƙafafun shanunsa.

Da rana ta take suka fito wata fadama, bayanta gonakin wake. Imrana ya ce nan Nijar ce, in sun miƙe gabas kaɗan za su sami rijiya, jandarma ba sa zuwa wajen. Ya ce zai raka su har rijiyar, ya taya su ɗaukar kaya, ya ga inda za su sauka don ya riƙa leƙo su.

Lado ya tsayar da shanun. Ya yi masa godiya, ya ce Allah ya saka.

"Baba Lado, ka yafe mini. Ban san haka za ta zama ba."

"Na sani ba ka sani ba," in ji Lado. "Amma ka tsaya nan. Ba na son ka san inda za mu zauna."

Matan suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, matar Isah a ƙarshe. Ya tsaya a bakin fadamar har suka shige cikin waken da itatuwa, sannan ya juya.

Bai biyo kwazazzabon ba a komowa, ya fito titi ya bi ta boda kamar kowa. Wani jami'i da ya san shi ya tambaye shi daga ina haka a ƙafa, ya ce ya raka baƙi ne. Ya iso rumfa bayan la'asar, ya tarar da mutum biyu suna jiran faci, ɗaya yana faɗa don ya daɗe. Imrana ya ba shi haƙuri, ya jawo kwanon ruwa, ya fara neman inda tayar ta huje.