Ƙaro a Buhun Kifi

Buhu arba'in na ƙaro suka dawo daga Kano ranar Talata. Kamfanin da ya saya ya ce ba ya so, wari yake yi.

Alhaji Bakari, mai sito a Jimeta, ya tara matan da ke tsince masa ƙaro. A gabansu ya ce laifin Sabuwa ne, shugabarsu, kuma daga yau aikinta ya ƙare.

Shekara goma sha tara Sabuwa tana wannan aiki. Da yatsa take raba ƙaron dakwara, mai tauri da haske kamar zuma, da na farar ƙaya mai saurin marmashewa. Na dakwara shi ne lamba ɗaya, shi ake sawa a alewa da lemon kwalba da magani. Ba a taɓa dawo mata da kaya ba.

Ta kwance buhu ɗaya ta duba. Babu ɓawon itace, babu yashi, babu gauraye. Sai ta juya bakin buhun ta shinshina. Warin bandar kifi.

Ta san wanda ya kawo buhunan. Malam Haladu ne, surukin Alhaji, mahaifin matarsa. Ya samo su a wurin masu kifi na bakin Binuwai, ya juya cikinsu waje, ya ce hakan ya isa. Ƙaro kuwa yana shan wari, ba ya saki. Wannan kaya sai dai a kai wa masu wankin hula.

Alhaji ma ya sani. Amma ko sunan tsohon ba ya iya faɗa, balle laifinsa. Ya ja Sabuwa gefe ya ce ta amsa laifin a gaban mata, bayan sati biyu ta dawo.

"Adda Sabuwa, ki rufa min asiri. Surukina ne."

"Surukinka ne, Alhaji. Ni ba nawa ba ne."

Ta ɗauki buhun ta kai wa matan, kowace ta shinshina. Edna, wadda ta fi su daɗewa bayan Sabuwa, ta tofar da yawu. Sannan Sabuwa ta faɗi sunan Malam Haladu da ƙarfi, yana zaune a benci a ƙofar sito.

Alhaji ya ce kada ta sake taka wurin. Ta ɗauki faifanta da tabarmarta ta fita, ba ta yi wa kowa sallama ba.