Katin Gaisuwar da Mirsad Yake Biya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ke ciyar da bawa bayan ƙarfinsa ya ƙare, ba Ya cire kuɗin hidima. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, Mirsad Begic ya yi shekara ashirin da shida yana ƙera kan famfo a kamfanin Halloran da ke St. Louis, a Amurka. Ran da ya yi ritaya aka yanka kek, manaja ya rungume shi, ya ce shi ɗan gida ne har abada. Mirsad ya riƙe maganar nan kamar nassi. Abokansa suka yi ta kwashe kuɗin fanshonsu suna mayarwa wasu wurare, shi kuwa ya bar nasa a asusun kamfani, yana cewa ɗan halak ba ya kwashe kayansa daga gidan ubansa.

Kowace shekara sai kati mai ruwan zinare ya iso: "Har yanzu kai namu ne." Yakan manna shi a jikin firij, ya nuna wa duk baƙon da ya zo shan kofi, ko bai tambaya ba. Takardar lissafin da ke zuwa tare da katin kuwa, matarsa Senada kaɗai ke karantawa.

A shekara ta biyar ta ajiye masa ita kusa da kofinsa, ta ce, "Maigida, uban nan naka ya iya ƙauna. Da fari dala arba'in yake cirewa daga fanshonka, bana ɗari uku da ashirin."

Mirsad ya ce kuskuren na'ura ne. Ya sa rigar kamfani da aka ba shi kyauta, ya ɗauki farantin burek, wata wainar nama da Senada ta gasa, ya tafi kamfanin. Mai gadi bai san shi ba, ya liƙa masa alamar baƙo a ƙirji, daidai kan tambarin kamfanin.

Jami'ar fansho, wata mai suna Colleen, ta tarbe shi da fara'a, ta kai hannu faranti. Tana ci tana bayani, cewa babu kuskure ko na sisi. Kamfani na biya wa masu aiki kuɗin kula da asusu. Waɗanda suka bar aiki ba su kwashe kuɗinsu ba kuwa, kuɗin ake raba musu su biya. Da su casa'in ne, yanzu saura goma sha ɗaya, kuma doka ba ta hana ba.

Mirsad ya ce, "To, 'yata, katin fa?"

Ta duba takarda, ta ce yana cikin abin da ake cire musu, ƙarƙashin kuɗin sadarwa, da bugawa da ambulan da kan sarki.

Ya ce, "Wato shekara biyar ni nake gai da kaina."

"Ai kana iya kwashewa, Baba. Dala saba'in da biyar ne kuɗin fita. Sai dai rabon sauran goman zai ƙaru, ka san ku 'yan gida ɗaya ne."

Mirsad ya tuna goman nan, tsofaffi irinsa, kowa da firijinsa. Ya nema musu sauƙi wurin Allah, ya sa hannu a takardar fita. Ya cire alamar baƙo ya ajiye mata a tebur, ya ɗauki farantinsa da abin da ya rage a ciki.

Da shekara ta zagayo, Senada ta sayo kati na dala ɗaya, ta rubuta masa kalmomin katin kamfani da hannunta. Ya karanta, ya tambaya nawa za a cire. Ta ce wanke-wanken yau.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya katinsu na manne a firij, Ya sa hisabinsu ya zo da sauƙi. Mai karatu kuma, Allah Ya ba shi mai duba masa bayan takarda. Amin.