Tsutsar da ta Saba

Malam Inuwa manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Challawa. Shi ya fara shuka anguryar audugar da wani ɗan kasuwa ya shigo da ita daga ƙetare, wadda aka ce masana sun gyara ta, duk tsutsar da ta ci sai ta mutu. Shekarar fari kuwa haka aka yi, gona ta yi fari fat ko feshi bai yi ba. Ya bi maƙwabta gida-gida yana zuga su, har ƙanensa Ado ya bar dawa ya shuke gonarsa duka da auduga.

A damina ta uku ne ya fasa ƙwallon auduga guda, ya ga tsutsa kwance a ciki, ta ƙoshi. Ya fasa goma, duk haka. Feshi huɗu ya yi, ko gezau.

Ya tsinci tsutsotsi a kwalba, ya hau keke, ya wuce masaƙun da aka garƙame, har kamfanin gurzar auduga. Sai bayan azahar maigadi ya bar shi ya ga Muhammad Nazir, malamin gonar kamfanin.

"Malam, ku dubi wannan. An ce mana ba ta rayuwa."

Muhammad Nazir ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana kallo.

"Baba, ta saba. Waɗanda suka tsira a bara su suka hayayyafa. Yanzu audugar abinci ce a wurinsu."

"To wane magani zan sa?"

"Bana kam an makara."

"Ku taimaka mini, don Allah. Mutum goma sha ɗaya suka bi maganata. Babu ƙwayar hatsi a gonakinsu."

Malamin ya miƙa masa kwalbarsa, ya sunkuyar da kai.

Inuwa bai nufi gida ba, gonar Ado ya zarce. Ya tarar da shi da matarsa Hadiza, ga cikinta ya tsufa, suna bin kunya-kunya suna tsince tsutsa da hannu suna murjewa.

Ado ya ɗago. "Yaya, me suka ce?"

 Inuwa ya jingine keke, ya naɗe hannun riga, ya shiga kunyar da ke kusa da su.

Hadiza ta dube shi, ta dubi mijinta, ta gane babu magani, ta zauna a ƙasa daɓas.