Cokali Daidai Hannunta

Babanta ne ya laƙaba mata Rediyo, domin tun da ta fara magana bakinta bai huta ba. Shekararta huɗu da 'yan watanni, tana iya kawo maka labarin unguwa tun daga mai shago har kyanwarsa, amma ba ta iya kai loma bakinta. Haka aka haife ta. Yatsunta ba sa damƙe abu da ƙarfi, wuyan hannun kuma yana ɗan karkatowa ciki. In ta ɗauki cokali sai ya sulluɓe, ko ya kife kafin ya yi rabin hanya.

Uwar ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Ta zaunar da ita, ta ba ta a baki, ta goge mata, shi ke nan. Sai ranar da suka je ganin makarantar da za a sa yarinyar bayan hutu. Sun isa daidai lokacin cin abinci, yara sun jeru a kan gajerun tebura, kowa da kwanonsa da cokalinsa.

"Kada ki damu," in ji shugabar makarantar. "Muna da mai rainon ƙanana, ita za ta riƙa ba ta."

Har suka dawo gida Rediyo ba ta ce uffan ba. Babanta ya leƙa fuskarta ya ce, "Yau wuta aka ɗauke a tashar ne?"

"Ni ba zan ci abinci a makaranta ba," ta ce. "Jarirai ake ba wa a baki."

Uban ya yi dariya, uwar ba ta yi ba. Ta san abin da ta haifa. Yarinyar da ta ce ba ta ci, ko za ta wuni cikinta na kuka ba za ta buɗe baki ba.

Uwar ta gwada dabarun da ta sani. Ta naɗe mariƙin cokali da tsumma, ya jiƙe ya yi wari. Ta zura shi cikin guntun tiyo, ya riƙa juyawa a ciki. Ta sayo na roba masu kauri, santsinsu ya fi na ƙarfen. Tana cikin lalube a waya ne ta ci karo da wani bidiyo, wani mutum yana sassaƙa cokali daga guntun reshe. Ba a nuna fuskarsa, sai hannuwa manya-manya da wuƙa, yana magana da harshen da ba ta ji. Ta kalla har ƙarshe, ta sake daga farko. In ice zai bi yadda aka so, me zai hana ta yi wa 'yarta wanda ya dace da ita?

Ta samo wuƙaƙe biyu, miƙaƙƙiya da mai lanƙwasa ta rarake ciki, da dutsen wasawa. Ta kafa wa kanta doka tun ranar farko: wuƙa da Rediyo ba za su haɗa ɗaki ba. Kayan suna cikin gwangwani a can saman kabad. Sai yarinyar ta yi barcin rana, ko ta shiga gidan maƙwabta wasa, sannan ta sauko da su, ta shige kicin, ta ja ƙofa ta sa sakata. Ta jingina waya da tulun gishiri, ta rage gudun bidiyon, ta bi hannuwan nan sara bayan sara. In ta gama ta share ɓarɓashin tas, har da bin ƙasan tabarma da tafin hannu.

Na farko ya tsage, don busasshen katako ta samo a wurin kafinta. Daga baya ta lura na mutumin ɗanye ne, har ruwa yake tsattsafowa, sai ta roƙi masu sassabe bishiyoyin bakin titi suka ba ta rassa. Ta yanki babban yatsanta, ta ɗaure ta ci gaba. A hankali hannunta ya faɗa. Ta koyi komai na mutumin, har da abin da yake yi a ƙarshe: ya riƙe cokalin, ya jujjuya shi a tafinsa, ya kai shi baki kamar mai ci, ya ƙara feƙe inda ya tokare shi. Ita ma haka take yi, sai ta ji ya kwanta mata luf sannan ta goge shi ta shafa mai.

Amma duk wanda ta miƙa wa Rediyo, labarin ɗaya ne. Ta kama, ya karkace, shinkafa ta zube a riga, uwar ta yi wuf ta karɓe. "Kawo, kawo, bari in ba ki kada ya huce."

Hutu yana ta ja da baya. Ranar wata Asabar ta tattara cokulan a jaka, ta tafi ajin sassaƙa da ake yi a wata cibiyar koyon sana'a, a bayan ɗakin karatu. Ɗaki ne dogo mai ƙamshin ɗanyen ice, da benci biyu, da kayan aiki rataye a bango. Malamin dattijo ne mai tabarau a kan goshi. Cikin ɗaliban akwai wani tsohon direba da ya daɗe yana fama da sassaƙa tsuntsu guda, wanda kowa a ajin ya yarda kifi ne.

Malam ya jera cokulan a benci, ya bi gefen kowanne da yatsa.

"Wa ya koya miki?"

"Waya, Malam."

"To wayar ta iya koyarwa. Kin san bin jijiyar ice, wuƙarki ma tana da kaifi. Na wa ne?"

"Na 'yata ne."

Ya ɗaga ɗaya ya auna a tafinsa. "'Yar taki ta yi aure ne?"

Direba ya tuntsire da dariya. "Malam, ka bar baiwar Allah ta sha iska. Daga zuwanta?"

"Kai dai ji da kifinka."

"Tsuntsu ne!"

Ta yi masa bayanin hannun yarinyar, da makaranta, da abin da ta ce. Malam ya sauko da tabaransa ya daina wasa.

"In kin gama sassaƙa, a hannun wa kike gwadawa?"

Ta dubi tafin hannunta.

"Mai bidiyon wa kansa yake yi, shi ya sa yake aunawa a hannunsa. Ke kuma kin kwaso har da wannan. Duk waɗannan naki ne, 'yata. Ki zo mini da mai hannun."

Ta dubi bango, gatura da zarto da wuƙaƙe suna ta sheƙi. "Nan? A'a, Malam. Yarinyar da ko kofi ba ta riƙewa? Ka faɗa mini abin da zan auna, in auno da zare."

"Zare zai faɗa miki tsawon yatsa. Ba zai faɗa miki yadda take kamu ba."

Da yamma ta ba mijinta labari tana wanke-wanke, ranta a ɓace. "Wai in kai masa ita cikin wuƙaƙe. Shi ya haifa mini ita?"

"Maman Rediyo," ya ce a hankali, "yaya take riƙe cokali?"

"Kamar yaya? Kamar kowa mana, sai dai ba ƙarfi."

"Ni dai ban taɓa gani ba. Kafin in ɗago kai kin karɓe."

Ta tsaya da kwano a hannu, kumfa na ɗiga. Ta san nauyin yarinyar nan, ta san tarin da ke nufin mura da wanda ke nufin shagwaɓa, ta san abin da ke sa mata ƙaiƙayi. Amma ta rufe ido ta nemi hoton hannun a kan cokali, ba ta same shi ba. Abin da take gani kullum shi ne shinkafar da ke shirin zubewa.

Asabar ta gaba ta zo da ita, riƙe da hannunta gam kamar za su tsallaka titi. Ta tarar Malam ya sa an kwashe kayan benci ɗaya kaf, an shimfiɗa buhu a kai.

"Ke ce Rediyo? Wace tasha kike kamawa?"

"Duka," in ji ta. Ta hango abin da ke hannun direba. "Kaka, kifinka ba shi da ido."

"Shi ke nan," direba ya ce, ya ajiye wuƙa. "Har da 'yan jarida an gayyato mini."

Malam ya mulmula yumɓu ya yi shi kamar ɗan sanda, ya miƙa mata. "Wannan cokalinki ne. Ga abinci nan a gabanki, ci mu gani."

Yarinyar ta kai hannu, abin ya fara zamewa. Uwar ta zabura.

"Bar ta," Malam ya ce, bai ko dube ta ba.

Ta tsaya, ta cusa hannuwanta cikin hammata. Rediyo ta sake kamawa. Ba ta sa babban yatsa a sama kamar kowa ba. Ta zura yumɓun tsakanin manuni da na tsakiya, ta tokare gindinsa da tudun tafinta, ta ɗaga gwiwar hannu ta kawo shi baki ta gefe. Ya iso bai faɗi ba. Ashe tana da hanyarta, ta daɗe da ita, ba a dai taɓa barinta ta kai ƙarshe ba.

Da ta saki, shaidar yatsun ta fito a jikin yumɓun, rami biyu a gefe, wuyan ya lanƙwashe zuwa hagu.

"Ga malaminki nan," dattijon ya ce wa uwar. "In ya bushe ki ajiye shi kusa da ke, ki riƙa dubawa. Ki nemi reshe mai gwiwa, wanda Allah ya lanƙwasa da kansa. In kika yanko lanƙwasa daga miƙaƙƙen ice, a wuya zai karye."

Ta samu reshen. Aikin ya ci mata kwanaki, kuma a hannunta cokalin bai yi daɗin riƙo ba ko kaɗan, gajere, mai ƙusumbi, kamar wanda aka taka. Sau da yawa wuƙar ta so ta gyara shi ya yi kyan gani, ta hana ta. Wannan karon ba ta sa sakata ba. Ta shimfiɗa wa Rediyo tabarma a bakin ƙofar kicin, da sharaɗin ba za ta ƙetare dokin ƙofa ba. In ta ɗan feƙe, sai ta mayar da wuƙar kube, ta miƙa cokalin.

"Ina yake cizonki?"

"Nan. A'a, nan. Mama, ke ba kya ji ne?"

Ana saura kwana kaɗan a koma makaranta ta zuba mata shinkafa a kwano mai zurfi, ta ajiye cokalin a gefe. Lomar farko ta zube a tabarma. Ta biyu rabi ya shiga, rabi ya tsaya a haɓa. Uwar tana durƙushe a gabanta, jikinta yana bin cokalin sama da ƙasa, bakinta yana buɗewa tare da na yarinyar.

Rediyo ta ajiye cokalin ta harare ta. "Mama, kallon da kike yi ne yake zubar mini. Juya bayanki."

"In kika ƙware fa?"

"Zan yi tari ki ji."

Ta juya, ta fuskanci bango. Ba ta ganin komai sai fentin da ya fara ɓarewa. A bayanta ice yana karta gindin kwano, ya yi shiru, ya sake kartawa. Ta ji wani abu ya faɗi a tabarma, ta dafe gwiwoyinta ta zauna yadda take. Kartar ta ci gaba.

Can sai muryar ta fito, cike da abinci.

"Kada ki juyo. Ban gama ba."