Motsin Hannun Muntari

Muntari mai gyaran agogo ne a kasuwar Gwarzo, amma in za a faɗi gaskiya, abin da ya tara ya fi abin da ya gyara. Duk ranar kasuwar Kabo yana can yana bin 'ya'yan tsofaffin alhazai, yana saye matattun agogunan da suka shekara a ƙasan adaka. Na batir ko kallo ba su ishe shi ba. Matarsa Indo takan ce da hatsi yake tarawa haka, da tuni sun yi rumbu na biyu a gidansu na Gude.

Akwai guda ɗaya mai farar fuska da ba ya cirewa sai in zai yi alwala. Ya sha kara mata shi a kunne yana cewa, "Wannan ba ya cin batir, ba ya jiran a murɗa shi. Motsin hannuna yake ci. Ina motsi, yana tafiya."

Zazzaɓi na 'yan kwanaki ne ya ɗauke Muntari. Kafin a yi masa wanka aka kwance agogon aka aiko wa Indo da shi ɗaki. Ta kara a kunne, sai ta ji yana tafiya, ƙis-ƙis-ƙis, kamar bai ji labari ba. Nan take ta ƙudura abu guda a ranta: motsin Muntari ne a ciki, kuma ba a hannunta zai tsaya ba.

Sai dai Indo ta shiga takaba. Ba fita, ba ado, duniyarta daga ɗaki sai tsakar gida. Yayar mamacin, Asibi, ta taso daga Madadi ta tare don taya ta zama, kuma ita irin mutanen nan ce da ko ƙuda ya gifta sai ta tambayi inda za shi. Ranar farko ta hango agogon a wuyan hannun Indo.

"Mai takaba da agogo? Gobe kuma sai lalle ke nan. Cire shi, Indo, kada ki ja mana magana a gari."

Indo ta cire. Ta sami tsumma ta ɗaure shi a damtse, can ƙarƙashin hannun riga. To, mai zaman ɗaki wane motsi gare ta? Sai ta koma wa turmi. Ta ƙwace surfe, ta ƙwace daka, har na maƙwabta takan ce a kawo. Mata suka yi ta yabon haƙurinta, wai tana rage baƙin ciki da aiki. Ba su san tsoro ne ke ɗaga taɓaryar ba. Ko salla ta idar, kafin ta shafa addu'a sai ta karkata kai ta saurari damtsenta. Ta rame, tafin hannunta ya yi kanta, abin tausayi.

Ana cikin haka agogon ya fara wani hali. Ladan zai kira azahar, shi yana nuna la'asar. Wani lokaci tafiyarsa ta sarƙe kamar mai tuntuɓe, sai ta jijjiga shi ya ci gaba. Mai gyara yana Gwarzo, ita kuwa ko zaure ba ta wucewa. In ta bayar a kai, dole Asibi ta san inda yake kwana.

Wata Laraba da hantsi Malam Zainulabideen, maƙwabcin Muntari a rumfa, ya kawo akwatin agogunan mamacin don a ajiye kafin rabon gado. Ya zauna a zaure, Asibi na bakin ƙofa, Indo na bayan asabari. Aka gaisa, aka yi ya ƙarin haƙuri, aka yi wa mamaci addu'a. Yana shirin tashi Indo ta kwance tsumman ta miƙo hannu ta gefen asabarin. Asibi ta buɗe baki tana kallon agogon.

"Malam, duba min wannan. Amma don Allah kada ya tsaya."

Ya kara a kunne ya saurara. "Faɗuwa ya yi?"

"Bai taɓa faɗuwa ba. A damtsena yake, ina daka da shi don ya sami motsi."

"Daka?" Ya sauke numfashi. "Malama Indo, akwai wani sifirin na ƙarfe a ciki, siririn gaske kamar gashin kai. Bugun taɓarya ne ya rikita shi. Sai an buɗe, an tsayar da shi, an wanke an sa mai."

"A'a, ba za a tsayar ba. Motsin hannunsa ne a ciki. Shi kaɗai ya rage min."

Malam Zainulabideen mutumin kirki ne, amma ya shekara yana magana da ƙarafa, bai iya zagaye ba.

"Ai irin wannan ba ya riƙe motsi ya wuce kwana biyu. Na Muntari ya ƙare tun kafin sadakar uku. Wanda ke ciki yanzu naki ne."

Asibi ce ta karɓi agogon, ta juya shi a hannunta, sannan ta sa wa Indo a tafi, ba faɗa ba harara.

Indo ta shiga ɗaki ta ɗora shi a kan murfin kwalla. Ranar ba ta taɓa turmi ba. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, ta ce a ranta shi ke nan, bari ya tsaya ya huta, ita ma ta huta.

Washegari da la'asar tana zaune tana kallonsa, siririn hannun nan mai zagayawa ya fara jan ƙafa. Ya matsa, ya dakata, ya sake matsawa da ƙyar. Indo ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya. Ta san abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, ta san babu Muntari a ciki.

Ta ɗauke shi ta jijjiga, ta jawo tsumman ta mayar da shi damtse. Sannan ta leƙa tsakar gida ta ce, "Yaya, akwai sauran gero a jiƙe?"