Abin da Zukiswa Ta Harbo

Zukiswa Maqungo na tsakiyar cin burodi da kifin gwangwani ƙararrawa ta kaɗa. Ta yar da shi, ta ruga ɗakin sarrafa makamai, ta faɗa kujerarta. Shekara huɗu ke nan tana riƙe da bindigar da ke bayan jirgin ruwan yaƙin, mai baki biyu, wadda aikinta kakkaɓo duk abin da ya tsallake sauran makamai. Ban da wajen atisaye, ba ta taɓa harbin komai ba.

"Wani abu ya taso daga gaɓa, yana tafe dab da ruwa," in ji Pillay, mai lura da na'urar hangen jirage. "Kilomita tara."

"A kira shi ta rediyo," in ji Kyaftin Sithebe.

"Sau uku ke nan, ranka ya daɗe. Shiru."

Makon jiya 'yan tawaye sun tarwatsa wani kwalekwalen sintiri da jirgi marar matuƙi. Ta wannan hanyar kuma ƙananan jiragen sama na likitoci ke kwaso marasa lafiya zuwa garin Pemba. Babu wanda bai san duka biyun ba a ɗakin.

Bindigar ta juya da kanta ta saita abin, Zukiswa ta ji ruguginta har tafin ƙafa. Saura yatsanta.

"Kilomita huɗu."

"Maqungo, me kike gani?"

"Fukafukai, ranka ya daɗe. Hasken rana ya kashe min allon."

"Da taga ko babu?"

"Ban sani ba."

Mutum ɗari da ashirin ne a jirgin, wasunsu suna can ƙasa inda ko gudu ba za su iya ba.

"Kilomita biyu," in ji Pillay, muryarsa ta sirance.

"Harba," in ji Kyaftin.

Ta danna. Jirgin ya girgiza gaba ɗaya, ƙara kamar ana yage kwanon rufi. Ɗigon da ke allonta ya fashe, ɓaraguzai suka zubo cikin teku.

Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya bari.

Aka saukar da ƙaramin kwalekwale, Baba Fortuin shugaban masu nutso ya tafi dubo tarkacen. Minti arba'in Zukiswa na zaune tana jira. Pillay ya miƙo mata ruwa.

"Sha mana, 'yar'uwa, kada ki sume mana a nan."

Ba ta karɓa ba.

Can rediyo ya yi ƙara, muryar Baba Fortuin ta fito da haki. Ya fara lissafa wa Kyaftin: guntun fiffike, inji, wayoyi.

Zukiswa ba ta nemi izini ba, ta fizgo abin maganar.

"Baba, akwai kujeru?"

Ƙarar igiyar ruwa ta cika rediyon.

"Babu ko ɗaya, 'yata."

Ta ajiye shi a hankali. Ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna abinki," in ji Kyaftin, idonsa a kan allo. "Wataƙila ba shi kaɗai suka turo ba."